Maho a Rigar Kakanni: Gyara Ne Ko Ƙarya?

Bikin kamun kifi na Argungu ba a bakin Matan Fada yake farawa ba. A zaure yake farawa, da rumfar tela da gindin bishiyar da dukawa ke zama. Makonni kafin ranar da masunta za su ruga cikin ruwa da homa da gora, akwai mutanen da suka riga suka duƙufa da allura da basilla. An buɗe adaka, an zazzage rigunan da suka shekara a ninke. Wata asu ya yi mata ɓarna, wata aikin wuyanta ya warware. Ga jalalar da zufar doki ta cinye, ga lifidin da audugar cikinsa ta dunƙule wuri guda. Duk sai an duba su kafin ranar hawa.

A nan tambayata take, mai karatu. Rigar da kakan wani ya sa, ɗansa ya yi mata maho a kafaɗa, jikansa ya canja mata aljihu, tattaɓa-kunne kuma ya sake mata shafi, shin har yanzu rigar kakan ce? In kuwa ba ita ba ce, me muke nuna wa baƙi ranar biki? Tarihi, ko kwaikwayon tarihi?

Kada ka ce wannan zancen 'yan boko ne marasa aikin yi. Tsohuwar tambaya ce. Girkawan dauri sun yi ta musu a kan jirgin ruwan wani gwarzonsu mai suna Tisiyos, wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har aka wayi gari masana suna gardamar ko jirgin nan shi ne na asali. Mu namu jirgin na saƙi ne da fata, amma gardamar ɗaya ce.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan. Kashin farko suna cewa kada a taɓa. A wurinsu duk ɗinkin da ka ƙara wa tsohuwar riga ka goge wani abu ne daga jikinta. Yagewar nan da kake gani wataƙila shaida ce, tabon nan wataƙila labari ne. Suna da hujja, kuma hujjarsu na nan a tsakiyar garin Argungu: Gidan Tarihi na Kanta, wanda ya kasance fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Masu da takubba da kwari da baka da tambura da layun da ke ciki ba wanda zai yarda a kai su wurin gyara don su yi ƙyalli. Darajarsu tana cikin tsufansu.

Kashi na biyu kuma suna cewa riga don sawa aka yi ta. In ka kulle ta a akwatin gilashi ka kashe ta. Yaron da bai taɓa ganin ɗan lifida a kan doki ba, bai ji ƙarar sulke in mahayi ya zabura ba, me zai fahimta daga rubutun da aka liƙa a bango? Su ma da gaskiyarsu.

Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kama gaskiya, sai dai kowa rigar da yake magana a kanta daban. Akwai rigar da aikinta shaida ne, wannan a bar ta ta huta, a kare ta daga asu da gara da laima. Akwai kuma rigar da aikinta fita fili ne, wannan dole ta sha maho, in ta ƙare a ɗinka wata a kan fasalinta. Matsala tana tasowa ne in an haɗa su: a ɗauki ta shaida a kai ta fili rana da zufa su gama da ita, ko a ɗauki ta fili a ce wa mutane ita ce ta shaida.

Wannan na biyun shi ne inda ɗabi'a ta shigo. Maho ba ƙarya ba ne. Maɗinkin da ya sa sabon ƙyalle a inda tsohon ya mutu bai yaudari kowa ba, aikinsa a fili yake ga duk mai ido. Ƙaryar tana bakin mai riga ne, ranar da zai tsaya gaban baƙo ya ce da wannan rigar aka yi yaƙi kaza, alhali ya san bara aka yanko yadinta a kasuwa. Ko ranar da za a turara sabuwar riga da hayaƙi, a shafa mata ƙasa don ta yi kama da tsohuwa a sayar wa mai yawon buɗe ido. Allura ba ta yin ƙarya, harshe ne ke yi. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka gane riga ɗaya ta bogi ce, sai a fara shakkar na gaskiyar ma.

To in zaren ya canja, ƙyallen ya canja, me ya rage na gado? Abin da ya rage shi ne sani. Sanin yadda ake jera saƙi sirara a haɗa su su zama babbar riga. Sanin bambancin aska biyu da aska takwas. Sanin yadda ake cusa auduga a lifidi a bi ta da ɗinki layi-layi don kada ta gangaro ƙasa. Sanin irin jimar da ke sa fata ta yi laushi ba ta tsage ba. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba ta sa shi a jerin gine-gine ko kayan tarihi ba, ta sa shi ne a jerin gadon da ba a taɓa shi da hannu, wato sani da sana'a da al'adar da ke bin mutane. A Japan akwai wurin bauta na Ise da ake sake gina shi sabo duk bayan shekara 20, dalili kuwa har da kada magina su mance yadda ake yi. Ka ga ke nan tsohon da ke zaune yana maho, yaro na gefensa yana zura masa zare, su ne gidan tarihin da ya fi kowanne muhimmanci.

Abin tsoron shi ne wannan sanin yana iya yankewa ba tare da an ji ƙararsa ba. An yi bikin Argungu a 2009, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. Shekara goma riguna na ninke. Ka tambayi kanka, a tsawon wannan lokaci yara nawa ne da sun koyi ɗinkin hannu suka kama wata sana'ar? Ba laifinsu ba ne. Wanda ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara, a kuma taya aikinsa kamar ana taya tumatir, ba zai so ɗansa ya gaje shi ba. Mai doki ya sha tafi, maɗinki ya sha ciwon baya. In muna son gadon, to hakkin mai allura yana cikin gadon.

Yanzu bari in juyo kan 'yan fim, don ku wannan magana ta fi shafa. Duk wanda ya shirya fim ɗin tarihi, tela ne na tunanin jama'a. Abin da ya sa wa jarumi, shi yara za su ɗauka kakanninsu sun sa. Sau nawa muka ga sarkin da aka ce ya yi zamani shekara 400 da suka wuce sanye da shadda mai maiƙo, ga aikin keke a wuya, ga zif a wando? Za a ce ai ba kuɗi. Gaskiya ne saƙi na da tsada. Amma tambayar tsoho ba ta da tsada, kuma zuwa gidan tarihi da littafi da biro bai kai kuɗin waƙa guda ba. Zanen aro ba ya rufe katara: in ka aro rawanin Indiya ka ɗora wa Kanta, mai ido zai gane.

Muna da abin koyi a gida. Marigayi Adamu Halilu, wanda ya yi fim a kan Kanta na Kabi, shi ne ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. Wannan fim ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin ta ƙasar Jamus a 2018. Shi ma maho aka yi masa. Amma masu gyaran ba su ce sun shirya sabon fim ba, ba su kuma ɓoye cewa an gyara ba. Haka ya kamata a yi wa riga.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi sauran nauyi. Kayan da ake gyarawa da yawansu kayan yaƙi ne. Sulke da kwalkwali da lifidi ba don ado aka ƙirƙire su ba. Tun da dakarun jihadi suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa da mutanen Sakkwato da Gwandu sun shafe kusan ƙarni guda suna gwabzawa. An kashe Karari a 1831, Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, an yi Lafiyar Toga ta wasu shekaru, aka koma fagen daga. An zubar da jini a ɓangarorin biyu. To in mun ɗinke waɗannan kaya mun sa, ba tsohon miki muke sosawa ba?

Amsar tana cikin asalin bikin kansa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin kamun kifi. Bikin sulhu ne tun daga tushe. Shi kansa maho ne da aka yi wa wata babbar yagewa, kuma maho ne da ba a ɓoye ba, don kowa ya san an yi faɗa. Yau Argungu da Gwandu jiha ɗaya suke, kuma tun 1991 Birnin Kabi ne hedikwatarta. Saboda haka mahayin da ya sa sulke ranar biki yana da zaɓi biyu a zuciyarsa. Zai iya sawa yana cewa ku tuna abin da muka yi muku. Zai iya sawa yana cewa ku dubi abin da muka tuɓe don mu zauna lafiya. Rigar ɗaya ce, niyya ce ta bambanta. Haka marubucin da zai rubuta littafi a kan yaƙe-yaƙen Kabi, ko daraktan da zai ɗauke su a fim: ya faɗi gaskiya ɗungurungum, amma ya san ko ɗinki yake yi ko farka.

Don haka ku yi maho, jama'a, ba abin kunya ba ne. Ku bar ta shaida ta huta, ku ɗinka wa fili tasa. In baƙo ya tambaya, ku ce masa wannan bara aka ɗinka ta, amma irin ta kakanninmu ce sak, ga kuma wanda ya ɗinka. Ku biya mai allura hakkinsa, ku tura masa yaro ya koya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar magabata, ya kuma raba mu da gadon gabarsu.