Hutun Tsufa da Hidimar Ubangiji: Darasi Daga Ƙasar Karasuwa

Karatu: Littafin Ƙidaya 8:23-26, Zabura 92:12-15

Kowane ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ya san akwai ranar da za a ce masa ya ajiye aiki. Ga yawancin ma'aikata, ranar takan zo ne in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki. Akan yi walimar sallama, a yi jawabai, a ba da kyautar agogon bango ko turmin atamfa. Kashegari kuwa gari ya waye, babu ofishin zuwa, babu mai jiran sa hannu. Daga nan ne wata tambaya takan taso a zuciyar Kirista mai tsoron Allah: sauran shekarun da Ubangiji ya ƙara masa, na wane ne, kuma me zai yi da su?

A yankin da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, inda hanya ta ratsa ƙaramar hukumar Karasuwa ta garin Jajimaji, akwai wani dattijo da matarsa da suka amsa wannan tambaya da rayuwarsu. Maigidan ya yi aikinsa ne a hukumar jirgin ƙasa, a kan layin da ya iso Nguru daga Kano a wajajen 1930. Uwargidan kuma malamar firamare ce har ta yi ritaya. 'Ya'yansu sun watsu, wasu a Jos, wasu a Kaduna da Abuja. Matasan ikkilisiya ba su san su da wani suna ba sai Baba da Mama.

Abin da Nassi ya ce game da ajiye aiki

Mutane da yawa suna zaton Littafi Mai Tsarki bai san zancen ritaya ba. Amma a Littafin Ƙidaya sura 8, Ubangiji ya umarci Musa game da Lawiyawa cewa su fara hidima a alfarwa ta sujada daga shekara 25, su kuma sauka daga aikin in sun kai shekara 50. Aikin Lawiyawa a jeji ba na wasa ba ne, gama su ne masu ɗaukar katakai da labule da kayan alfarwa duk lokacin da jama'a suka tashi. Allah ya san ƙarfin jiki yana da iyaka, shi ya sa ya sauke wa tsofaffi wannan kaya. Duk da haka bai kore su daga alfarwar ba. Ya ba su izini su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu wajen tsaro da lura. An ɗauke musu nauyin kafaɗa, an bar musu aikin ido da na shawara.

Zabura 92 kuma ta kwatanta adali da itacen dabino wanda yake ba da 'ya'ya har cikin tsufa. Mutanen arewacin Yobe ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Duk wanda ya taɓa shiga kwaruruka na ƙasar Yusufari ya ga yadda dabino yake tsaye a tsakiyar yashi, shekara da shekaru, wanda ya dasa shi ya rasu, jikokinsa suna cin amfaninsa. Kalibu yana da shekara 85 lokacin da ya roƙi Joshuwa ya ba shi ƙasar tuddai ta Hebron. Annabiya Hannatu, gwauruwa ce tsohuwa ƙwarai, amma tana cikin Haikali da azumi da addu'a ran da aka kawo jariri Yesu, ta kuwa ba da labarinsa ga masu sauraron fansa.

Aikin sansani

Kowace shekara, in dogon hutun makaranta ya zo a watan Agusta, ikkilisiyoyi sukan tara yara da matasa na kwana biyar ko mako guda domin koyarwa. Wannan al'ada tana da tarihi. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Glasgow a 1883, ya kuma kai yaransa sansani na farko a 1886. Ƙungiyar ta iso Legas a 1908, daga baya ta bazu har Arewa. Abin da waɗannan magabata suka gane shi ne, mako guda na cin abinci tare, da kwana tare, da addu'a tare, yakan shuka abin da sa'a ɗaya ta Makarantar Lahadi ba ta isa ta shuka ba.

Sai dai sansani ba ya tsayuwa da mai wa'azi kaɗai. Dole a sami itace da ruwa, a sami mai kula da buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa, a sami mai tashi da tsakar dare in yaro ya kamu da zazzaɓi. Agusta kuwa tsakiyar damina ce, lokacin sauro a duk faɗin fadamun Haɗeja da Nguru. A nan ne Baba da Mama suka sami gurbinsu. Baba, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da littafin kaya a tashar jirgi, shi ne ya zama ma'ajin sito. Ba a fitar da mudu ɗaya na wake sai ya rubuta. A ƙarshen taro yakan karanta lissafi a gaban dattawan ikkilisiya har kan kwabo na ƙarshe, matasa masu shugabanci kuma suka koyi riƙon amana ta wurin kallonsa. Mama tana tare da matan zumunta a madafa tun asuba, da dare kuma ita ce mai kwana a ɗakin 'yan mata, tana duba gidan sauro, tana sauraron abin da yarinya ba za ta iya faɗa wa fasto ba. Ba a biyansu ko sisi, sau da yawa ma daga ɗan fanshonsu suke cika kuɗin mota.

Wannan ya yi kama da hidimar Akila da Biriskilla, ma'aurata masu sana'ar ɗinkin tanti, waɗanda suka karɓi Manzo Bulus a gidansu a Koranti, suka kuma ja Afolos gefe a Afisa suka ƙara bayyana masa hanyar Allah. Nassi bai taɓa ambaton ɗayansu ba tare da ɗayan ba.

Lokacin gwaji

Hidima a Yobe ba ta rasa tsada. Bayan harin da aka kai Damaturu a watan Nuwamba na 2011, da tashin hankalin da ya biyo baya, iyalan Kirista da yawa sun bar jihar. A watan Fabrairu na 2018 aka sace 'yan mata fiye da 100 daga makarantar Dapchi, aka kuma riƙe Leah Sharibu lokacin da aka sako sauran. Kowane uba da uwa a yankin sun ji wannan a jikinsu. Tara yara wuri guda ya zama abin da sai an yi dogon tunani. 'Ya'yan Baba da Mama sun roƙe su su tattara su koma Jos. Babban ɗansu ya ce, "Baba, kun yi iyakacin ƙoƙarinku. Ku zo ku huta a wurinmu."

Ba laifi ba ne mutum ya ƙaura domin tsira da iyalinsa, gama Yusufu ma ya gudu da Maryamu da jaririn zuwa Masar. Amma bayan addu'a, dattawan nan biyu sun ga cewa nasu kiran shi ne su zauna. Sun goyi bayan shugabanni da suka rage taron ya zama na yini kawai a cikin harabar majami'a, yara su koma gida kafin magariba, har lokacin da hankali ya kwanta. Bangaskiya ba ta hana hikima. Maƙwabtansu Musulmi, Badawa da Mangawa da Hausawa, waɗanda suka zauna tare shekaru masu yawa, su ma sun zama musu garkuwa. Da ambaliyar 2022 ta mamaye sassan Gashuwa da kewaye, tukwanen da ake dafa wa yaran sansani su ne aka ɗora domin waɗanda ruwa ya kora, ba tare da tambayar addinin kowa ba.

Kuskuren da ya zama darasi

Akwai wani gefe na labarin da ya kamata masu ƙwazon hidima su ji. Hutun Agusta shi ne kaɗai lokacin da jikoki suke iya zuwa daga nesa. Wata shekara sun zo, suka tarar Kaka namiji yana sito, Kaka mace tana madafa, daga wannan taro zuwa wancan, har hutu ya ƙare ba a zauna tare ko yini guda ba. Ran tafiya, 'yarsu ta durƙusa ta ce, "Mama, ki gafarce ni, amma 'ya'yan mutane sun fi 'ya'yana sanin muryarki." Maganar ta soki zuciyar Mama. Da dare ta ce wa maigidanta, "Malam, muna ban ruwa a gonar wasu, tamu tana bushewa."

Sun tuna da Eli firist, wanda ya yi hidima a Shilo har ya goyi Sama'ila, amma ya kasa tsawata wa 'ya'yan cikinsa. Sun tuna kuma cewa bangaskiyar Timoti ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ba su bar sansani ba, amma sun sake tsari. Mako guda na ikkilisiya ne, jikokin da suka isa shiga kuma tare ake tafiya da su. Mako biyu na iyali ne, ba a karɓar wata gayyata a cikinsu.

A makonnin nan babu wani abin kashe kuɗi mai yawa. Baba yakan kai jikoki tsohuwar tashar jirgi ta Nguru ya nuna musu inda ya yi aiki. Sukan je bakin kogi a Gashuwa su ga masunta da kwale-kwale. In an zo hutun Kirsimeti, akan kai su Dagona su ga tsuntsayen da suke tsere wa sanyin Turai su sauka a fadama. Mama takan koya wa 'yan mata tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuka. Da dare a shimfiɗa tabarma, a yi waƙa, kowane yaro ya karanta aya ɗaya da Hausa ko da harshensa yana tuntuɓe, sa'an nan Kaka ya ba da labarin yadda Ubangiji ya bi da gidan tun daga farko. Irin wannan ne Allah ya nufa da Idin Bukkoki a Littafin Firistoci sura 23, inda iyalan Isra'ila suke zama cikin bukkoki kwana bakwai domin zuriya ta san yadda aka fito da kakanninsu daga Masar. Yesu ma, a Markus sura 6, ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin su huta kaɗan, lokacin da aiki ya hana su ko cin abinci.

Kira ga iyalai da ikkilisiya

Ga waɗanda suka yi ritaya, ko suke dab da yi, ilimin da aka samu a ofis da asibiti da aji da bariki baiwa ce da Ubangiji zai tambaya. Tsohon akawu, da tsohuwar nas, da tsohon direba, duk suna da gurbi a sansanin yara. Wanda ƙafa ta gaza, addu'arsa ba ta gaza ba.

Ga fastoci da shugabannin matasa, bai kamata a jira sai tsofaffi sun roƙa ba. A je gidajensu a gayyace su, a ba su aikin da ya dace da ƙarfinsu, a kuma kiyaye kada a mai da su bayi don ba sa cewa a'a. Wanda fanshonsa bai isa ba, ikkilisiya ta ɗauke masa kuɗin mota.

Ga 'ya'ya mazauna birane, aika kuɗi ta waya abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin kawo jikoki su zauna a gaban kakanninsu. Damar nan ba ta daɗewa. Akwai labarai da addu'o'in da in tsoho ya tafi da su kabari, ba mai sake jinsu.

Ubangiji ya ba tsofaffin ikkilisiyarsa ƙarfi su ba da 'ya'ya har ƙarshen kwanakinsu, ya ba iyalai hikimar raba lokaci tsakanin gida da hidima, ya kuma ba ƙasar Yobe salama mai ɗorewa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.