Fawa saflai da rabon kuɗin kwamfutar wasa

Duk wanda ya zauna da biro da takarda zai haɗa kwamfutar wasa da kuɗi madaidaita, jerin kayan da ke gabansa ɗaya ne: furosesa, katin girafik, madabod, ram, SSD, akwatin da za a jera su a ciki, sai fawa saflai. Kuɗin ba sa isa kowanne ya samu na gaba-gaba. Dole wani ya ci kaso mai tsoka, wani ya haƙura da guntu, kuma a wajen wannan rabon ne mai saye yake nuna halinsa ba tare da ya sani ba.

Babu gardama, katin girafik ne ke ɗaukar kaso mafi girma, domin shi ke zana duk abin da ido zai gani a wasan. Mai matsakaicin ƙarfi yakan tsaya a kan RX 6600 na AMD, ko RTX 3060 na Nvidia, waɗanda suka fito a 2021, ko RTX 4060 da ya biyo baya a 2023. Dukansu suna jan yawancin wasanni lafiya lau a monita mai 1080p. Sai dai monitar ce ya kamata a fara tambaya kafin katin. Idan sau 60 kawai take sabunta hoto a daƙiƙa, to ko katin yana zubo hoto 140, guda 60 za ka gani cikakku. Furosesa ba ta buƙatar dogon tunani: mai kwa shida irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F ta wadatar. Ram kuma a ɗauki gigabait 16, amma sanda biyu masu takwas-takwas, saboda biyun suna aiki tare ta hanyoyi biyu, sun fi guda ɗaya mai 16 sauri.

To, a nan ne lissafi yakan ƙi. An tara an tara, an ga kuɗi sun haura, sai ido ya gangara ƙasan takarda ya faɗa kan fawa saflai. Shi ba ya ƙara wa wasa sauri, ba ya walƙiya, a ƙasan akwati ake cusa shi a rufe, ba wanda zai ɗauki hotonsa ya tura wa abokai. Saboda haka shi ake fara yanka.

Na ga wani matashi a shagon masu haɗa kwamfuta ya zaɓi kati mai kyau da fanka shida masu fitilu kala-kala, sannan ya nuna wani fawa saflai marar suna da aka rubuta wa wat 650. Injiniyan ya ɗauko shi, ya ɗauko wani na kamfani sananne, ya ɗora masa ɗaya a kowane hannu. Ya ce, "Ƙanena, wanne ya fi nauyi?" Mai arhar kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Sai ya juya masa gefen da aka manna takarda, ya sa yatsa a kan layin bolt 12. Ya ce, "Nan za ka duba, ba babban rubutun da ke jikin kwali ba." Yaron ya ce, "Oga, ai duk 650 ne." Injiniyan ya miƙa masa kalkuleta.

Abin da yake nuna masa shi ne, aikin fawa saflai karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, kuma kati da furosesa kusan duk abincinsu daga layin 12 yake fitowa. Idan takardar ta ce am 54 a wannan layi, ka ninka sau 12, ka samu wat 648. Idan am 30 ta ce, wat 360 ke nan, komai girman lambar da ke kwali. Nagari kuma yana da na'urorin kariya da ke yanke wuta nan take idan ta yi yawa ko waya ta haɗu. Marar kyau idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod ko katin da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinsa. Ko tambarin 80 Plus Bronze da ake nema, shaida ce ta cewa ba ya ɓarnar wuta da yawa, ba shaidar ingancin duk abin da ke cikinsa ba, don haka sai an haɗa da duba sunan kamfani da shekarun garanti.

Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu. Mai ba da shawara a intanet daga Jamus ko Amurka bai san a ɗauke wuta ana tsakiyar wasa ba, bai san a dawo da ita da ƙarfi ba, bai san rawar da wutar janareta ke yi ba. Wanda zai haɗa kwamfuta a Kano ko Maraɗi, sitabilaiza ko UPS na cikin jerin kayansa tun farko. Haka zafin Afrilu da ƙurar hunturu: akwati mai raga a gaba da matatar ƙura ya fi mai gilashi rufe ruf amfani, ko da bai kai shi kyan gani ba. Kuma RTX 4060 da ke shan wat 115 ya fi RTX 3060 mai shan 170 sauƙin riƙewa ga mai dogaro da inbata.

Abin da ya dame ni shi ne, wannan hali bai tsaya a kwamfuta ba. Shi ne na maginin da zai zuba kuɗi a tayil da fenti da ƙofar gida mai ado, amma ya sayi siririyar wayar wuta don a cikin bango za a binne ta. Idan kuɗi suka gaza, abin da mutane ba za su gani ba shi muke fara tauyewa, alhali sau da yawa shi ke ɗauke da sauran. Ban ga laifin son abu mai kyan gani ba, wanda ya sha wahalar tara kuɗi yana da haƙƙin ya kalli kayansa ya ji daɗi. Laifin yana wajen biyan kuɗin adon daga kason abin da ke tsare dukiyar.

Ga wanda lissafi ya ƙi masa, akwai wuraren ragewa da ba sa cutarwa. Fankoki masu fitila za su iya jira. Ryzen 5 5600 tana zuwa da fankarta a kwali, ba sai an sayi wata ba. Madabod na AM4 da ram na DDR4 sun fi na AM5 da DDR5 arha, kuma har yanzu suna aiki sosai. SSD ma ana iya farawa da ƙarami a ƙara wani daga baya. Fawa saflai mai wat 550 zuwa 650 na kamfanin kirki kuwa yakan zo da garantin shekara biyar ko fiye, kuma idan lokacin sauya kati ya yi, shi ba sai an taɓa shi ba.