Kotu ta wanke su, to wa zai ba da haƙuri?

Ranar 13 ga Yuni, 2002, Koriya ta Kudu ba ta da zancen da ya wuce ƙwallo. Ita da Japan ke karɓar baƙuncin gasar Kofin Duniya, kuma washegari 'yan wasanta za su kara da Fotugal. Da hantsin ranar, a wata siririyar hanyar ƙauye a Yangju, arewa da Seoul, wasu 'yan mata biyu 'yan shekara 14 suna tafe a gefen titi za su bikin ƙawarsu, sai ayarin motocin sojan Amurka masu atisaye ya biyo. Ɗaya daga ciki motar sulke ce mai goye da gadar ƙarfe. Kayan gadar sun tare wa direba ganin hannunsa na dama. Kwamandan motar ya hango yaran, ya yi ta kiran direba ta na'urar magana, direba bai ji ba. Motar ta bi ta kan yaran, nan take suka cika.

Manyan hafsoshin Amurka a ƙasar sun ba da haƙuri, an biya iyalai diyya, sojojin rundunar sun yi karo-karo, sun kafa dutsen tunawa a wurin. Amma yarjejeniyar zaman sojan Amurka a Koriya, wadda aka sa wa hannu a 1966, ta ce abin da soja ya aikata yana bakin aiki, kotun Amurka ce ke da haƙƙin fara duba shi. Ma'aikatar shari'a ta Koriya ta nemi a bar mata shari'ar, aka ƙi. A watan Nuwamba kotun soja ta wanke direban da kwamandan daga tuhumar kisa ta hanyar sakaci.

Sai gari ya rikice. Dubban mutane suka riƙa taruwa da kyandir a Gwanghwamun, kusa da ofishin jakadancin Amurka, suna neman Shugaba George Bush ya ba da haƙuri da bakinsa. Ya fara aikawa ta hannun jakadansa, Thomas Hubbard, bai gamsar ba, sai a Disamba ya kira Shugaba Kim Dae-jung ta waya. A cikin wannan zafin ne Roh Moo-hyun ya ci zaɓe ranar 19 ga watan.

Amurkawa da yawa sun kasa gane abin da ake nema daga gare su. An yi bincike, an yi shari'a, tsautsayi ne, me ya rage? 'Yan Koriya kuwa abin da kunnensu ya ji shi ne: yara biyu sun mutu kuma ba hannun kowa.

Tsohuwar tambaya ce a nan: shin wanda ba shi da laifi, ba shi da alhaki? Masanin falsafa ɗan Ingila Bernard Williams ya kawo misalin direban babbar mota da ya take yaro ba tare da ya yi ganganci ba. Mutane za su ce masa kada ya zargi kansa, kuma gaskiyarsu. Amma da zai karɓi maganar da sauri ya kaɗe rigarsa ya kama hanya, su ɗin ne za su fara ƙyamarsa. Akwai wata nadama da ta kama wanda abu ya faru ta hannunsa, wadda ba ta kama ɗan kallo. Kotu ba ta auna wannan, ba kuma aikinta ba ne. A Amurka ma tsoron kotu ya daɗe yana ɗaure bakin mutane, domin lauya zai iya mayar da ban haƙuri hujjar amsa laifi. Har sai da jihar Massachusetts ta yi doka a 1986 cewa kalaman jaje bayan haɗari ba za su zama shaida a kan mai faɗarsu ba, jihohi da dama suka bi sahu. Ƙasar da sai an yi doka kafin mutum ya ce sannu da zuciya ɗaya, dole maganarta ta yi sanyi a kunnen wanda aka kashe wa 'ya.

Bayan shekara biyar sai reshe ya juye da mujiya. Ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya harbe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech, sannan ya kashe kansa. An haife shi a Koriya ta Kudu, iyayensa sun kai shi Amurka a 1992 yana ɗan shekara 8, can ya yi karatu, can ya girma. Duk da haka Koriya ta ɗauki abin kamar daga ɗakinta ya fito. Shugaba Roh, wanda guguwar 2002 ta taimaka wa hawa mulki, ya yi ta'aziyya ba sau ɗaya ba. Jakadan Koriya a Washington, Lee Tae-sik, ya ba 'yan ƙasarsa shawarar su yi azumin karɓa-karɓa na kwana 32, kwana ɗaya ga kowane rai. Amurkawa suka yi ta mamaki suna cewa ba laifinku ba ne, yaron namu ne, a hannunmu ya tashi. Matasa 'yan asalin Koriya da aka haifa a Amurka ma wasunsu ba su ji daɗi ba, domin a ganinsu ban haƙurin yana nuna har yanzu su baƙi ne.

Ana yawan rufe maganar da cewa al'adu ne suka bambanta: Koriya ta gaji koyarwar Confucius mai ɗaure mutum da danginsa, Amurka kuma ta kowa tasa ta fisshe shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Ban haƙurin 2007 akwai tsoro a gindinsa. Mutane ba su manta tarzomar Los Angeles ta 1992 ba, wadda aka ƙone ko aka wawashe shagunan 'yan Koriya sama da 2,000. Ga shi kuma mako biyu kacal da kammala tattaunawar yarjejeniyar cinikayya tsakanin ƙasashen, ana kuma neman a cire wa 'yan Koriya biza. Haka fushin 2002: sojoji kusan 37,000 na wata ƙasa suna zaune a ƙasarka, kotunka ba ta da ikon tambayarsu. Wanda ya fi ƙarfi yana iya jiran hukuncin alƙali kafin ya buɗe baki, mai rauni kan riga kowa durƙusawa.

Abin sha'awa, fiƙihun Musulunci ya daɗe da raba laifi da alhaki. A kisan kuskure babu ƙisasi, amma ba a cewa magana ta mutu. Akwai diyya, kuma dangin mai kisan na wajen uba ne ke haɗuwa su biya, a hankali cikin shekara uku. Shi kansa akwai kaffara a wuyansa: 'yanta bawa, in babu, azumin wata biyu a jere. A kisan ganganci kuwa dangi ba sa ɗaukar masa komai, kayansa ne shi kaɗai. Idan aka ɗora al'amuran biyu a kan wannan ma'auni, sai a ga kowace ƙasa ta ɗauki kayan da ba nata ba, ko ta sauke nata da wuri. Yangju kuskure ne da ya faru a aikin runduna, da motarta, a hanyar da ita ta zaɓa, don haka nauyin na jama'a ne, kuma wanke mutum biyu bai sauke shi ba. Virginia Tech ganganci ne na mutum ɗaya, ta'aziyya ta dace, amma babu bashin da ya hau kan miliyoyin mutane a Seoul da Busan.

Da alama rundunar Amurka ta ɗauki darasi. A Yulin 2012, da 'yan sandan soja suka sa wa wasu fararen hula ankwa kusa da sansanin Osan a kan rigimar ajiye mota, kwamandan rundunar, Janar James Thurman, ya ba da haƙuri cikin 'yan kwanaki, tun ba a gama bincike ba.

Sai dai darasin bai kai ko'ina ba. A Satumban 2025 jami'an shige da fice suka kai samame masana'antar batir da Hyundai da LG ke ginawa a jihar Georgia, suka kama mutum 475, fiye da 300 'yan Koriya ne, hukumarsu kuma da kanta ta saki hotunan ma'aikata da sarƙa a hannu da ƙafa. Jami'ai suka ce doka suka bi, maganar biza ce. A Seoul ba bizar ake kallo ba, sarƙar ake kallo a jikin injiniyoyin da suka je kafa masana'antar da Amurka ta yi ta roƙo a kawo mata. Sai bayan kwana goma, mutanen sun riga sun koma gida, mataimakin sakataren harkokin wajen Amurka Christopher Landau ya sauka a Seoul ya nuna takaicinsa.