Kasabi da Ƙaddara a Filin Ƙwallo

A Gadarif, garin dawa da riɗi na gabashin Sudan, inda jikokin alhazan ƙasar Hausa suka yi kaka-gida, akwai jami'a tun 1994; kuma idan shekarar karatu ta ƙare, ɗalibai suka zauna lissafin wasannin da ƙungiyarsu ta ci da waɗanda aka cinye ta, sai tsohuwar mas'alar malaman tauhidi ta kunno kai: shin nasara ƙwazo ce ko rabo? Ash'arawa sun ce Allah ke halittar aiki, bawa kuwa kasabi ne nasa, a kansa ake yi masa hisabi. Saboda haka mai tsaron gida da ya yi sakaci da atisayen bayan la'asar, har ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ba shi da hujjar fakewa da ƙaddara, ko da yake, a ganina, 'yan kallo ma sukan wuce gona da iri wajen zargi, don ko gwani wata rana yakan sha kaye. Ai Bukhari ya ruwaito cewa Adba'u, taguwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, wadda ba a taɓa tsere mata ba, wani baƙauye ya tsere mata bisa ɗan raƙuminsa, har abin ya yi wa Sahabbai nauyi.