Rigar Gado Da Mai Sa Ta

A ƙasar Shanono, can arewa maso yamma da birnin Kano wajen iyakar Katsina, ƙauyuka suna kusa da juna har carar zakaran wannan gari ta kan tashi mutanen wancan. Manomin wurin duk shekara cikin taguwa ya ke, yana fama da gero da dawa da gyaɗa. Babbar rigarsa kuwa tana cikin adaka, ba ta fitowa sai ran Salla, ko ɗaurin aure, ko suna, ko ranar da Hakimi ya kira taro. Saboda haka in mai gida ya rasu, rigar nan ta kan fi kuɗinta daraja a idon waɗanda ya bari.

To, a ce ga wani saurayi can, aka raba gado, rigar ubansa ta faɗo cikin rabonsa. Saƙi ce, aska takwas, aikin hannu tun daga wuya har aljihu. Shi kuwa ya yi ci-rani a Kano da Ikko, idonsa ya saba da ɗinkin zamani. Da bikinsa ya gabato, sai ya yi niyyar kai ta wurin tela a rage faɗinta, a datse tsawonta. Baffansa ya ji labari, ya kira shi zaure ya ce, "Kai yaro, rigar da ubanka ya sa ranar da aka raɗa maka suna, ita za ka sa wa almakashi?" Saurayi ya durƙusa ya ce, "Baffa, a yi mini aikin gafara. Baba ya yi zamaninsa ya wuce. In na sa ta yadda ta ke, sai a ce wane ya aro rigar tsoho."

Shari'a ba ta hana saurayin nan ba, tun da riga halalinsa ce. Amma ba duk abin da ya halatta ne ya kyautu ba. Abin tambaya shi ne, cikin tufar da mutum ya gada, ina iyakar haƙƙin magabata, ina kuma rabon mai sawa?

Sai a fara duba maganar Baffa. Shi a ganinsa al'ada abu ce da aka tarar a tsaye, ba a taɓa ta. Alhali kuwa in an bi sawun kayan adon Hausa, sai a ga da yawansu baƙi ne da suka zama 'yan gida. Alkyabba da jabba da kaftani, sunayensu ma daga Larabci suka shigo. Jar dara fatake ne suka kawo ta daga arewacin Afirka ta hanyar hamada. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara takalmin gashin jimina da figini, ga shi yau ana lissafa su cikin kayan sarauta na asali. Hular nan mai tsawo da ake kira Shagari, sunan mutum ɗaya ta ci, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Ashe abin da ake kira al'ada yau, jiya zaɓin wani ne da jama'a suka gani suka yaba. Da kowa ya tsaya daidai inda ubansa ya tsaya, da aska takwas ɗin ma ba ta samu ba. Gaskiyar masu magana, zamani riga ne.

Amma fa saurayi kada ya yi saurin murna. Tufa ba jiki kaɗai ta ke rufewa ba, magana ta ke yi da duk wanda ya gan ta. A Kano rawani mai kunne biyu na Sarki ne da 'ya'yan sarki. Talaka mai kuɗi yana iya sayen harsa irin wadda suke naɗawa, amma in ya fid da kunnuwa biyu ya fita, to, ya yi ƙarya ko da bai buɗe baki ba. Haka wanda ya ci kwalliyar angonci ya tafi zaman makoki, ya ɓata wa masu gida rai, ko da bai nufa ba. Watau akwai sashen tufa da ba na mai ita ba ne shi kaɗai, na jama'a ne, don su ke karanta shi.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mutanen tsaunukan Sikotlan, arewa da Ingila, suna da wani guntun zane na ulu mai ninki-ninki, wanda maza ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa. A 1746 hukuma ta hana su ɗaura shi, ba ta janye dokar ba sai 1782. A 1822 kuma Sarki Joji na Huɗu da kansa ya ɗaura shi sa'ad da ya ziyarci birninsu Idinbara. Yawancin zane-zanen da yau ake cewa wannan na dangin wane ne, wancan na dangin wane, a ƙarni na 19 aka daidaita su. Duk da haka mutumin can mai mutunci ya kan so ya ɗaura zanen da ya ke da alaƙa da shi, sa'an nan ya zaɓi 'yar riga da safa yadda ransa ya ke so. Sun gane al'ada aikin mutane ce, amma ba su mai da ita abin wasa ba.

Daga nan ana iya samun ma'auni. Duk abin da mutum zai sāke a tufarsa, ya tambayi kansa: shin zai sa a ɗauke shi wanda ba shi ba ne? Shin zai kunyata wurin da za shi? Shin in an yi shi, ana iya komo da shi? In amsa ba ta tsorata shi ba, sauran duk filinsa ne. Launin hula da yadda za a karya ta, irin wando da takalmi, yadda za a saɓa hannun riga a kafaɗa, ba mai ikon yi masa dole. Malam Aminu Kano ya zaɓi farar tufa marar yawan ado da jar hula, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuwa manyan riguna da rawani, amma ba wanda ya kalli ɗayansu ya ce baƙo ne a ƙasar nan.

In an ɗora rigar saurayi bisa ma'aunin nan, datse ta ba ƙarya ba ce, ba kuwa abin kunya ba, amma ta faɗi a tambaya ta uku. Almakashi ba ya da gyara. Masaƙan fari da masu ɗinkin hannu irin na da sun ragu ƙwarai, in an ɓata wannan, da wuya a sami wata. Ga shi kuma watakila ya haifi ɗa wanda zai so ya ga abin da kakansa ya sa. Shadda kuwa tana nan jibge a Kantin Kwari, in ya ga dama ya yanko, tela ya ɗinka masa yadda ya ke so, ba wanda zai yi asara. Saboda haka abin da ya kyautu shi ne ya bar rigar yadda ta ke, ya sa ta ranar ɗaurin aure da hular da ya zaɓa da kansa. Baffa kuma, in ya ga karin hular bai yi kama da na marigayi ba, ya kame bakinsa, don kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba a ce ya zama shi ba.

Allah Ya ba manya haƙuri da yara, Ya ba yara sanin darajar abin da aka bar musu, amin.