Wa Ke Da Hakkin Ɗaukar Fansar Jini?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku samarin Musulmi, sau da yawa idan ruwa ya janye daga fadamun Guri da Kirikasamma, shanu suka gangaro, sai a ji an kashe manomi ko makiyayi. Kashegari samari su ɗauki kwari da baka, wai kisasi za su yi. Wallahi wannan jahiliyya ce.

Kisasi yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 178, amma alƙali ne ke tabbatar da shi, da shaidu adilai ko iƙirarin mai laifi. Sa'an nan a tambayi magada: kisa, ko diyya, ko yafewa? Ko sun yafe, a mazhabar Maliku sai an yi wa makashi bulala 100 da ɗaurin shekara guda.

Dokar Final Kot ta 1960 ta ƙwace wannan zaɓi daga hannun magada. Jigawa ta dawo da shari'a a 2000, amma ba a zartar da kisa sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa na noƙewa. Masu neman a soke hukuncin kisa suna tsoron a kashe marar laifi, kuma shari'a ma tana tunkuɗe hukunci da shubuha. To, amma makashi na tsufa a kurkuku, marayu ba kisasi, ba diyya. A kan wannan ne ya wajaba ku matsa wa hukuma, da wa'azi da rubutu.

Shi kuwa Bafulatanin da ka tare a hanyar kasuwar Hadejia, wa ya shaida maka shi ya yi kisan?