Ciwo ba shi da shaida sai bakin mai shi

 

Ya ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa ya ga abin da za mu faɗa. Mutum biyu kwance, aiki iri ɗaya aka yi musu, a rana ɗaya. Guda ya samu barci da allura ɗaya, ɗayan kuwa ya kwana yana murƙususu. Kafin gari ya waye masu jinya sun yanke hukunci: wancan jarumi ne, wannan rago. Shin hukuncin nan adalci ne?

Likitoci sun tabbatar cewa ba girman yanka kaɗai ke kawo zafi ba, har da abin da majinyaci ya shigo da shi. Mai tsohon ciwo, kamar na baya ko na gaɓoɓi, ya fi jin jiki. Haka wanda tsoro ko baƙin ciki ya cika wa zuciya. Galibi ma matashi ya fi tsoho jin zafin. Gaba da su duka akwai wanda jikinsa ya saba da magungunan dangin morfin, wato wanda ake tatsa daga afyun, da masu aiki irin nasa kamar kodin da tramol. Wannan, awon da ke kwantar da wani ba ya yi masa komai. To, ina ragwanci a nan?

Wasu kan ƙi maganin, suna cewa ai yana gusar da hankali, haƙuri ya fi. Malamanmu na Malikiyya sun riga mu duba wannan. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye, da abin da ke gurɓata hankali, da abin da ke sa barci mai gusar da ji. Malaman mazhabar sun halatta a ba mutum mai sa barci idan za a yanke masa gaɓa. Kuma zafin da aka bari yana da nasa sharri: yana hana majinyaci tari da numfashi mai zurfi da tashi ya taka, daga nan ciwon huhu ko daskarewar jini ke samun ƙofa. Haƙuri shi ne barin fushi da ƙaddara, bai hana neman sauƙi ba.

Amma maganin na da baki biyu. A Amurka, tun daga shekarun 1990, an sake hannu wajen rubuta shi, har a 2021 mutum fiye da 80,000 suka mutu ta dalilin magungunan wannan dangi. Wani bincike na can a 2017 ya nuna cewa wajen 6 cikin 100 na waɗanda ba su saba da shi ba sun ci gaba da sha fiye da wata uku bayan fiɗa, musamman mashaya taba da giya da masu damuwa. Mu kuwa namu ya zo a juye: morfin na wuyar samu a asibitocinmu, tramol kuma ya yawaita a hannun masu talla.

Ga inda amana ta shigo. Zazzaɓi ana auna shi, jini ana auna shi, amma zafi sai abin da mai shi ya faɗa. Yaron da ya shekara yana shan tramol don noma ko kabu-kabu, idan likitan sa barci ya tambaye shi, kunya kan sa ya ce bai taɓa ba. Sai a auna masa na wanda bai saba ba, ya farka cikin azaba, ga kuma gumi da makyarkyata na rabuwa da ƙwayar. Lalle addini na son mutum ya rufa wa kansa asiri. Sai dai a ganinmu, faɗa wa likita ba tallar zunubi ba ce, lalura ce, kamar buɗe masa al'aura domin magani. Haka nan wanda ya ƙara wa zafinsa gishiri domin a ƙara masa ƙwaya, ya ci amanar likita, ya kuma rage rabon wani.

Mu iyaye ma muna da laifi. Wane ɗa ne zai faɗi wannan magana alhali mahaifinsa na tsaye a kansa? Idan likita ya zo tambayoyi, a fita a ba su wuri. Shi kuma likita, idan yaro ya faɗi gaskiya, kada ya mayar da ita abin gori, ko ya hana shi magani don horo. In ya yi haka, na gado na kusa ya ji, shi kuma ba zai faɗa ba.

Idan an koma gida, a sha yadda aka rubuta, a rage yadda likita ya ce, a koma masa idan zafi ya ƙi sauka. Abin da ya yi saura kuwa a mayar wa mai farmasi, kada a ba maƙwabci don yana ciwon haƙori.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.